Tambaya da Amsa: Wai me ake ji a finafinan kifin shak ɗin nan?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Dan Allah ki taimaka min da amsa ko da wasu za su ce maganar ba ta kai a kawo ta nan ba. Maigidana mutum ne mai hankali wlh, amma duk daren Asabar sai ya tara ƙannensa a falo su kunna finafinan nan na kifin shak mai cin mutane, kuma ba ma masu kyan ba, irin wanda kana kallo ka san da kwamfuta aka zana kifin, aktin ɗin ma babu kan gado, su kuwa su yi ta ihu da tafi har yara su farka. Na tambaye shi me yake gani a ciki ya ce ba zan gane ba. Ni dai ina son in gane. Daga Maman Ilham, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Ilham. Ni ma ina cikin masu son finafinan nan, kuma ina ganin za ki gane tsaf.

Bari mu faro daga tushe. A 1975 Steven Spielberg ya fitar da Jaws, fim ɗin da ya sa Amurkawa da yawa suka riƙa shakkar shiga teku. Kifin da suka ƙera na inji ne, suka sa masa suna Bruce, to ruwan gishiri ya dinga lalata shi, yau ya yi aiki gobe ya ƙi, dole ta sa darakta ya ɓoye shi, sai dai ki ji kiɗan nan mai faɗar da gaba ki ga ruwa yana motsi, sai fim ya yi nisa sosai kafin a nuna miki kifin da kyau. Tsoron gaske ke nan, domin zuciyarki ce take ƙarasa zana abin da ido bai gani ba.

Su kuma waɗanda maigidanki yake kallo akasin haka suka yi. Ba su da kuɗin da za su tsorata ki, sun san haka, kin san haka, don haka ba sa ɓoye komai, tun minti biyar na farko an fito da kifin an ba shi mutum ya cinye. Akwai wani kamfani a Amurka, The Asylum, wannan ce sana'arsu, sai tashar Syfy da take haska irinsu. A 2009 suka yi Mega Shark Versus Giant Octopus, inda kifin ya yi tsalle daga teku ya cafko jirgin sama yana cikin tafiya a sararin samaniya. Jirgin sama fa! A 2010 Roger Corman, dattijon da ya ƙare rayuwarsa yana yin finafinai masu araha, ya shirya Sharktopus, rabinsa shak rabinsa halittar tekun nan mai hannuwa takwas. Sai 2013 aka yi Sharknado wanda ya fi su duka suna, guguwa ce ta kwaso kifaye daga teku tana zubo su a kan birnin Los Anjelas, a ƙarshe jarumin ya faɗa cikin bakin kifi riƙe da zarto mai inji ya farke cikinsa ya fito da ransa. Daren da aka fara haska shi mutane suka cika Twitter da maganarsa, abin da ya sa aka yi ta yin ci gabansa har kashi shida, na ƙarshe a 2018.

To ina daɗin yake? Na farko dai fim ɗin baya yaudarar ki, abin da sunansa ya ce shi za ki gani, in an ce kifi mai kai biyu to kai biyun za a kawo miki. Kuma rashin kuɗin nan da kike gani kamar aibi shi ne ya sake musu hannu, wanda ya zuba dala miliyan ɗari a fim tsoron asara ba zai bar shi ya yi wauta ba, amma wanda ya kashe kaɗan duk abin da ya faɗo masa a rai sai ya ɗauka, kifi a cikin yashi, kifi a cikin ƙanƙara, fatalwar kifi. Ni wannan ƙarfin halin yana burge ni har ga Allah, mutane sun zauna sun yi tunanin abin da ba zai taɓa yiwuwa ba kuma suka yi shi da gaske, jarumin ko murmushi ba ya yi, kuma da ya yi dariya da komai ya lalace. Kamar tatsuniyar Gizo ce, ba wanda yake tsayar da kaka ya ce ai gizo baya magana, kowa ya yarda a tafi a haka.

Amma babban sirrin kin faɗe shi da bakinki ba ki lura ba: ba shi kaɗai yake kallo ba. Fim ɗin nan in mutum ya kalle shi shi kaɗai minti ashirin ya gaji. Na taro ne, wannan ya ce wallahi mai jar rigar nan shi za a fara cinyewa, wancan ya ce a'a mai surutun nan ne, a mayar da sin baya a sake kallo, a ga inda girman kifin ya canza daga wannan hoto zuwa wancan. Mutum ya wuni yana fama da aiki da lissafin cefane, ya samu awa ɗaya da rabi yana dariya da ƙannensa a cikin gidansa, ni ban ga abin damuwa ba. Sai dai ki ce su rage murya, kuma a kwantar da yara tukuna saboda akwai jini, sannan da yake a bakin teku ake yawan ɗaukarsu shigar wasu ba ta dace da idon yara ba. Asabar mai zuwa ki zauna ki canki wanda za a fara cinyewa.

TAMBAYA: Anti wai da gaske haka kifin nan yake farautar mutane? Daga Sani, Maraɗi.

AMSA: A'a Malam Sani. Jami'ar Florida tana tattara bayanan harin shak na duniya, kuma a yawancin shekaru waɗanda yake kashewa ba su wuce mutum goma ba duk duniya, alhali masana sun ƙiyasta ɗan Adam yana kashe shak kusan miliyan 100 a shekara, da yawa saboda fukafukansa da ake miya da su a wasu ƙasashen Asiya. Peter Benchley, wanda a 1974 ya fitar da littafin da aka yi fim ɗin Jaws da shi, daga baya komawa ya yi yana fafutukar kare kifin har ya rasu a 2006.