Amsa ga mai ƙorafin mutuwar yatsu da dare

Baiwar Allah, kin ce kitso ne sana'arki a nan Damagaram, kuma yatsun hannunki na dama suna mutuwa da dare har sai kin tashi kin yarfe hannun. Ki lura da ƙaramin yatsa. In shi lafiya lau yake, amma babban yatsa, manuniya, na tsakiya da rabin na huɗu ne ke tsuki kamar ana soka allura, to alama ce ta matsewar jijiyar ji a wuyan hannu.

Jijiyar nan tana bi ta wata 'yar siririyar kafa tare da jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu. Da wurin ya kumbura, ita ke shan matsi. Aikin da ake ta maimaitawa, irin kitso, daka ko dukanci, yana tsananta shi. Haka juna biyu, ciwon suga, ƙiba, amosanin gaɓɓai da tsohuwar karaya. Na masu juna biyu yakan tafi bayan haihuwa.

Ki fara da ɗaurin da ke riƙe wuyan hannu a miƙe, ki riƙa kwana da shi, domin cikin barci hannu ke lanƙwashewa. Ki dinga hutawa tsakanin kai da kai. Tsaga wurin wanzami ba ta kai ga jijiyar, kada ki wahalar da fatarki.

In makonni sun wuce babu sauƙi, ki je babban asibitin Zinder a gwada miki suga. Likita na iya yin allurar rage kumburi a wurin. In kuma tsokar gindin babban yatsa ta fara ramewa, ko abu yana suɓuce miki, ƙaramar tiyata ce ake yi a buɗe kafar, kuma jinkiri kan bar lahani na dindindin.