Amsa ga Kawu kan kuɗin da aka biya bayan rasuwar ƙanena a Ingila

Kawu, Allah ya ƙara maka lafiya. Saƙonka ya iso, kuma na gane abin da ya dame ka: wai mun sa wa ran ɗan'uwanmu farashi, har an lissafa albashin shekarun da Allah bai nufe shi da gani ba, sai ka ce mun san gaibu. Na san ana cewa mu da muka daɗe a nan Hausancinmu a baki kawai ya rage, don haka ka yi haƙuri ka saurari yadda abin ya kasance.

Karatun diyya da ka yi mana muna yara yana nan a kaina: raƙuma 100, ko dinari 1,000, ko dirhami 12,000, dangin wanda ya yi kisan kuskure su biya cikin shekara 3, mai kuɗi da talaka duk ɗaya. A Ingila kuwa doka ce ta shekarar 1976 ke aiki, kuma abin da take aunawa shi ne abin da ya yanke wa waɗanda mamacin ke ɗauke da nauyinsu. Ana duba abin da yake samu a shekara bayan haraji, a cire kashi ɗaya cikin huɗu idan yana da mata da 'ya'ya, a matsayin abin da da ma shi zai ci da kansa, sannan a ninka sauran da wani adadi da ake ɗaukowa daga jadawalin Ogden, wato jadawalin da kotunan Ingila ke amfani da shi wajen irin wannan lissafi, wanda aka fara bugawa a 1984. Wannan adadi ba ya kai shekarun da suka rage masa kafin ritaya, domin an sa yiwuwar ciwo da rashin aiki da mutuwa a cikin lissafin. Ke nan su ma ba su ce lalle zai rayu ba. Abin da ya fi kama da diyyarmu shi ne kuɗin juyayi, fam 15,120 ga matar kowa, kuma kamfanin inshorar direban da ya yi sanadin rasuwarsa ne ya biya duka, kamar yadda dangi ke ɗaukar nauyi a shari'a.

Na san inda ya fi yi maka ciwo shi ne kaso mafi tsoka ya tafi ga matarsa Baturiya da yaransu biyu, maimakon a raba yadda ake raba gado. Ni ma na sha jin ana ce mata bare, alhali ta yi takabarta wata huɗu da kwana goma ba tare da an tilasta ta ba. Dokar ta ce ko bazawara ta sake aure ba a rage mata komai, wannan kam ni ma har yau bai kwanta mini ba.

Amma ba a gaya maka yadda Inna ta sami nata rabon ba. Da lauya ya ce uwa ma tana da haƙƙi idan an nuna cewa ɗanta na ciyar da ita, matar nan ce ta shiga ɗaki ta fito da wani tsohon ambulan cike da rasit na kuɗin da marigayi ke aika wa Inna kowane wata, shekara tara babu fashi, ta jera su a kan tebur wata bayan wata, wasu har tawadarsu ta koɗe. Da su aka lissafa abin da zai ci gaba da aikawa. Gidansa da ajiyarsa kuwa malami muka kira ya raba bisa shari'a, Inna ta karɓi sudusinta, ita kuma matar ta sa hannu da yardarta.