Kafin ka biya kuɗin koyon harbi

Malam, ka ce wani a Daura yana koyar da harbi, mako biyu ya miƙa maka satifiket, kana tambaya ko ka biya. Fara tambayarsa wa ya ba shi izini. Takardarsa ba lasisi ba ce. Lasisin bindigar farauta daga 'yan sanda yake fitowa, kamfanin gadi kuwa Sibil Difens ke sa masa ido, kuma doka ta hana masu gadinsa riƙe bindiga. Ko askarawan tsaron da Gwamna Radda na Katsina ya ƙaddamar a 2023, hukuma ce ta horar da su.

Sannan je ka tsaya gefe ka kalli darasinsa. Na taɓa ganin wani yana ta zuba bayani, yatsa kan kunama, bakin bindiga na kallon ɗalibai. Ko sallama ban tsaya yi ba.