Hukuncin yaba wa jarumin fim da ya ɗauki fansa da hannunsa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Mabera cikin garin Sakkwato. Kwanakin baya mun kalli wani fim na Indiya da aka fassara da Hausa, inda wasu azzalumai suka kashe wa wani mutum matarsa da ƙanensa, 'yan sanda suka karɓi cin hanci, kotu ta sallami masu laifin, shi kuma ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya kashe. Tun ranar gardama ta ƙi ƙarewa a majalisarmu. Wasu sun ce abin da ya yi shi ne ƙisasin da Alƙur'ani ya ambata, har wani abokinmu da 'yan bindiga suka kashe wa yaya a hanyar Sabon Birni ya rantse da Allah cewa duk ranar da ya samu dama haka zai yi. Wasu sun ce jarumin ma mai kisan kai ne, wasu kuma sun ce kallon kansa haramun ne. Ni kaina na ji daɗi lokacin da ya kashe na ƙarshensu. Mene ne hukuncin duk wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Kafin komai ina yi wa abokinka ta'aziyya, Allah ya gafarta wa yayansa, ya saka musu. Mutanen Isa da Sabon Birni da Goronyo sun ga abin da ya isa ya sa zuciya ta tafasa, kuma bai kamata mai ba da fatawa ya yi magana kamar bai san da haka ba.

Waɗanda suka kira aikin jarumin ƙisasi sun riƙe rabin gaskiya. Shari'a ba ta taɓa cewa jinin wanda aka zalunta ya tafi a banza ba. A aya ta 33 ta Suratul Isra'i Allah ya ce wanda aka kashe bisa zalunci ya sanya wa waliyyinsa, wato magajinsa mai haƙƙin jininsa, iko, amma a cikin ayar nan dai ya gargaɗe shi da kada ya wuce iyaka wajen kisa. Ikon da aka ba waliyyi shi ne haƙƙin neman a kashe wanda ya kashe, ko ya yafe a kan diyya, ko ya yafe don Allah. Zartar da hukuncin kuwa yana hannun hukuma. Imam Alƙurɗubi, wanda malamin mazhabarmu ta Malikiyya ne, ya kawo a tafsirin ayoyin ƙisasi na Suratul Baƙara cewa babu saɓani a kan cewa masu riƙe da mulki ne kaɗai ke tsayar da ƙisasin kisa, kuma bai halatta wani ya rama wa kansa ba tare da sarki ba. Duk wanda ya zauna a zaure ya karanta Risala ya wuce ta inda Ibn Abi Zaid yake cewa ba a kashe rai saboda rai sai da shaida ta adalai, ko iƙirarin mai laifi, ko ƙasama idan ta wajaba, wato rantsuwa hamsin da dangin mamaci na wajen uba suke yi bisa sharuɗɗanta.

Malamanmu sun ma tsefe mas'alar fiye da haka. Idan waliyyin jini ya kashe wanda ya tabbata shi ne makashin, ba tare da izinin shugaba ba, ba za a kashe shi ba, amma za a ladabtar da shi saboda ya yi shisshigi a hurumin hukuma. Idan kuwa wanda ba waliyyi ba ne ya kashe makashin, to jinin makashin kariyayye ne a kansa, za a iya yi masa ƙisasi. Ka auna wannan da taron da ke rugawa da sanduna da tayoyi idan an yi ihun ɓarawo a kasuwa: babu waliyyi a cikinsu, babu shaida, kuma sata ma ba kisa ne hukuncinta ba.

A nan ne nake son ka tsaya ka yi tunani, ɗana, domin a nan fim yake yaudarar mai kallo. Kai da kake zaune gaban allo an nuna maka kisan da idonka, ka ga fuskar makashi, ka ji lokacin da aka ƙulla makircin, ka ga kuɗin da aka miƙa wa ɗan sanda. Mai shirya fim ya mayar da kai shaidar gani da ido tun farko, shi ya sa zuciyarka ba ta yi ɗar ba lokacin da jarumi ya ɗaga makami, kuma shi ya tsara labarin yadda jarumi ba zai taɓa kuskuren mutum ba. A rayuwa ta gaskiya mai ɗaukar fansa yana aiki ne da an ce, da kamannin fuska, da harshe ko ƙabilar wanda yake zargi. A watan Maris na 2025, cikin azumi, an tsare motar wasu mafarauta 'yan Arewa a Uromi ta jihar Edo suna hanyar komawa gida Kano, aka gan su da bindigogin farauta, aka ce masu garkuwa da mutane ne, aka kashe mutum 16. Waɗanda suka yi wannan aika-aika su ma sun ɗauka cewa suna tsarkake garinsu ne daga azzalumai, kuma duk wanda ya yi kuka da abin da ya faru a Uromi bai kamata ya tafa wa irinsa ba don kawai an yi shi da sunanmu. A yankinmu ma mun ga yadda kisan da wasu 'yan sa kai suke yi bisa zato yake jawo harin ramuwa a kan ƙauyen da bai ji ba bai gani ba, alhali Allah ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin laifin wani.

Ko zamanin Sahabbai bai tsira daga wannan jarrabawa ba. Da aka soki Sayyidina Umar a shekara ta 23 bayan hijira, ɗansa Ubaidullahi ya ji labarin an ga Hurmuzan, wani babban mutumin Farisa da ke zaune a Madina, tare da makashin, sai zafin rashin mahaifi ya ɗebe shi ya kashe Hurmuzan da wani Banasare mai suna Jufaina da wata 'yar makashin. Sahabbai ba su yaba masa ba duk da girman wanda aka kashe masa, wasunsu ma sun ga a yi masa ƙisasi, sai Sayyidina Usmanu ya ɗauki nauyin diyya daga dukiyarsa. Sa'adu ɗan Ubada kuma, kamar yadda ya zo a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim, ya tambayi Annabi (SAW) ko idan ya tarar da wani tare da matarsa zai saurara masa har sai ya kawo shaidu huɗu, Annabi ya ce masa i. Idan wanda ya gani da idonsa an hana shi zama alƙalin kansa, ina ga wanda ya ji a bakin mutane?

Za ka ce mini, to Malam idan hukumar ce ta gaza fa, kamar yadda fim ya nuna? Gazawar hukuma zunubi ne babba a wuyan masu riƙe da ita, kuma alƙali ko jami'in da ya sayar da jinin talaka zai amsa a gaban Allah. Sai dai gazawarsu ba ta mayar da hurumin hukunci hannun kowa. Abin da Shari'a ta bar wa mutum a hannunsa shi ne kare kai a lokacin da aka kawo masa hari, kuma hadisi ya tabbata cewa wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa shahidi ne. Mutanen gari su tsaya su tunkuɗe maharan da suka afko musu halal ne, haka shiga aikin tsaron da hukuma ta tsara. Bin mutum bayan an watse, a farauce shi a gida ko a kasuwa, wannan fansa ce irin ta jahiliyya, wadda Annabi (SAW) ya soke a Hajjin Bankwana, ya kuma fara da soke jinin ɗan Rabi'a ɗan Harisu, wanda ɗan gidansu ne.

Game da daɗin da ka ji, son ganin azzalumi ya gamu da sakamakonsa ɗabi'a ce da Allah ya halicci mutum a kanta, kuma ba a kama bawa da abin da ya ɗarsu a zuciyarsa matuƙar bai furta ba bai aikata ba. Ba ka da laifi a kan wannan. Laifi yana farawa ne lokacin da aka fito fili ana cewa wannan hanya daidai ce, ko ana kiranta ƙisasi, domin hakan jingina wa Shari'a abin da ba ta faɗa ba ne, kuma matashin da ke sauraro a gefen majalisa yana iya ɗaukar maganar ya tafi da ita. Wanda ya faɗi haka bisa rashin sani ya janye, ya nemi gafara.

Shi kuwa kallon, hukuncinsa yana bin abin da fim ɗin ya ƙunsa. Idan akwai tsiraici da raye-rayen batsa ko girmama gumaka, kamar yadda ake yawan samu a irin waɗannan finafinai, ko ya shagaltar da mutum daga sallah, to bai halatta ba. Idan babu waɗannan, ba zan ce ba da labarin kisa da fansa haramun ne a kan kansa ba, tunda Alƙur'ani ya ba mu labarin 'ya'yan Annabi Adamu biyu. Amma ina ƙyamarsa ga yara, kuma ina hana shi ga wanda raunin zuciyarsa bai warke ba irin abokinka.

Saura rantsuwar da ya yi. Ba a cika rantsuwa a kan saɓon Allah. Wajibi ne ya warware ta, ya yi kaffara kamar yadda aya ta 89 ta Suratul Ma'ida ta bayyana: ya ciyar da miskinai goma, kowanne mudun Annabi na abincin da aka saba ci a gari, ko ya tufatar da su, idan ba shi da hali ya yi azumin kwana uku. Haƙƙin jinin yayansa yana nan bai faɗi ba, kuma idan ya san wani abu tabbatacce game da makasan ya kai wa hukuma tare da dattawan gidansu. Ku da kuke abokansa ku riƙa zama da shi, ku daina tayar da wannan gardama a gabansa. Wallahu a'alam.