Amsa: Peugeot 504 ɗin Baba ta ƙi tashi bayan shekara 3 a ajiye

Malam, ka ce kun sa sabon batir, sitata tana juyawa amma injin ya ƙi kamawa ko? To ka daina matsa mata ki haka nan kar ka ƙona sitatar a banza. Ni man fetur ɗin nake zargi, don fetur in ya daɗe a tanki lalacewa yake, ya yi kauri kamar ƙaro ya toshe kabureta, buɗe murfin tankin ka shinshina za ka ji warin ya canza ai. A juye shi duka, a wanke tanki da kabureta, a sa sabuwar filta, akwai su a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Sai filogi, a kwance a goge, in babu wuta a nemo rewaya, ɓeraye na cin wayoyi sosai a irin wannan ajiyar.

Baƙin mai kuma a canza shi kafin ta tashi, a duba ruwan lagireto da fanbel. Kuma don Allah ko ta tashi kar ka hau Zariya Road sai bakanike ya duba birki da tayoyi, zafin Kano na tsattsaga tayoyin ko ba a hawa.