Tambaya da Amsa: Tumakina Dorper suna ramewa tunda damina ta sauka

Tambaya: Salam likita. Na sayi Dorper guda biyar da tsada, mai sayarwa ya ce min ba sa ciwo, ko maganin tsutsa ba sa buƙata. Tunda ruwa ya sauka ɗaya ta mutu, wata kuma ƙasan haɓarta ya kumbura, ta rame. Wani mai allura ya yi mata allurar LA (oxytetracycline) sau biyu, shiru. Wallahi hankalina ya tashi.

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya mayar da alheri. Malam, yanzu-yanzu ka je ka ja fatar idonta ta ƙasa ka duba ciki, in ka ga ta yi fari fat maimakon ja, tsutsar ciki ce ke shanye mata jini, kumburin haɓan ma daga nan yake. LA maganin ƙwayoyin cuta ne, ko kwalba goma aka ɗura mata tsutsa ɗaya ba za ta mutu ba.

Ita kuma maganar "Dorper ba ta ciwo" na gaji da jinta, kullum sai an zo min da ita, yawanci bayan an yi asara. Eh tana da juriya, amma juriyar me? A Afirka ta Kudu aka samar da ita wajajen 1930 zuwa 1940, daga ragon Dorset da tunkiya mai baƙin kai da ake kira Blackhead Persian, don busasshiyar ƙasa mai ƙarancin ruwa da ciyawa. Yunwa da rana take jurewa. Laima da ɗanyar ciyawar damina wani yaƙi ne daban, a Kenya an gwada ta da jar tunkiyar Masai, ta gida ta fi ta jure tsutsa nesa ba kusa ba. To dillali ya karɓi kuɗinsa ya yi gaba, sai a kira wani da jakar allura wanda ko nauyin dabba bai taɓa aunawa ba, komai LA, komai LA, haba jama'a!

Ka nemi likitan dabbobi na gaske ya duba kashinsu, a ba dukkansu maganin tsutsa daidai nauyin kowacce, don ba da rabi-rabi shi ke sa tsutsa ta daina jin magani. In akwai mai sabon ciki ka faɗa masa, ban da maganin tsutsa albendazol a kanta. Kar a fitar da su kiwo sai raɓa ta bushe, fadama kuma a haƙura da ita, garke ya zama a bushe, harawa da dusa a cikin kwami ba a ƙasa ba. In sun murmure a yi musu rigakafin PPR, wato annobar tumaki da awaki, cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a jihar Filato na yin allurar, ita ma na tabbata mai sayarwar bai ambata maka ba.