Ɗana Yana Son Zama Fada, Hankalina Ya Ƙi Kwanciya

TAMBAYA: Malam, barka da aiki. Ɗana na fari ya gama sakandare, ya ce shi seminari zai shiga, wato makarantar horar da masu son zama Fada, limamin cocin Katolika. Ban hana shi ba, amma barci ya ƙaurace mini. In ban da Mas, wato babbar ibadar coci, ta ranar Lahadi, me Fada yake yi sauran kwanakin? Kuma mutum ba mata ba ɗa, wa zai riƙe shi idan tsufa ya zo? — Daga wata uwa

AMSA: Mama, Allah ya kwantar miki da hankali. Na daɗe ina aikin katikis, wato mai koyar da addini a coci, kusa da Fadoji, kuma abin da idona ya gani shi ne, Lahadi ƙaramin yanki ce ta aikinsu.

Fada yakan tashi da addu'ar safe tun gari bai gama wayewa ba, domin ranar da aka naɗa shi dikon, matakin da ake takawa kafin zama Fada, ya ɗauki alkawarin yin addu'o'in Ikilisiya na kowace rana. Daga nan sai Mas ta safe, ko da tsofaffi biyar ne kawai suka zo. Yana fitowa zai tarar da masu jira: mai neman takardar baftisma, saurayi da budurwa masu shirin aure, miji da matar da suka kwana ba sa ga maciji da juna. Littattafan baftisma da na aure da na mamata duk a wuyansa suke, haka ma kuɗin coci, wanda doka ta ce dole ya kasance da kwamitin da zai taya shi lura da su.

Amma ni inda nake auna Fada shi ne ziyara. Kundin dokokin Ikilisiya da Fafaroma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1983 ya faɗa a sashe na 529 cewa Fada ya san mutanensa, ya shiga gidajensu, ya ɗauki damuwarsu da baƙin cikinsu, ya nemi matalauci da wanda ba shi da kowa, ya tsaya kusa da mai jinya, balle wanda ajali ya kusanto. Shi ya sa aka wajabta masa zama kusa da coci. Na sha raka Fada da tsakar dare zuwa wurin mara lafiya, ya saurari furcin zunubansa, ya shafe shi da mai, ya ba shi Jikin Almasihu, wato gurasar da aka tsarkake a Mas, ya zauna da iyalin har numfashi ya tsaya. Abin da ya ji a wurin furci kuwa da shi zai shiga kabari. Fadan da ya tona da gangan ya fitar da kansa daga tarayyar Ikilisiya nan take. Wannan kaya ne mai nauyi, kuma ba mai taya shi ɗauka sai Allah.

Ki ba ɗanki labarin Yohanna Biyani, Fadan wani ƙauye mai suna Ars a Faransa. Da ƙyar ya ci jarabawa saboda Latin ya gagare shi. Ya isa ƙauyen a 1818, bai bar aikin can ba har rasuwarsa a 1859, kuma a shekarunsa na ƙarshe yakan wuce awa 12 a rana yana sauraron masu tuba. Fafaroma Fiyos na 11 ya sa shi cikin tsarkaka a 1925, sannan a 1929 ya mai da shi majiɓincin Fadojin da ke riƙe da coci.

Game da tsufa, doka ba ta manta ba. Idan Fadan da ke riƙe da coci ya kai shekara 75 ana roƙonsa ya miƙa wa Bishop takardar ajiye aiki, shi kuma Bishop wajibi ne ya tanadar masa wurin zama da abin rayuwa. Kaɗaici dai ba zan ɓoye miki ba, akwai shi, musamman da yamma in kowa ya koma cikin iyalinsa. Fadojin da na ga sun jure su ne masu riƙe addu'a, masu zumunci da 'yan'uwansu Fadoji, waɗanda kuma danginsu ba su yanke ƙafa ba. Nan ne ke kike da aiki.

Sannan shiga seminari ba naɗi ba ne. Akwai aƙalla shekara 2 na falsafa da 4 na tauhidi, ba a kuma naɗa kowa Fada sai ya cika shekara 25. A tsawon lokacin nan Ikilisiya na gwada shi, shi ma yana gwada kansa. Idan ya dawo ya ce ba kiransa ba ne, don Allah kada a bari kowa a gida ya yi masa gori. Na ga samarin da suka daure a inda bai dace da su ba don gudun abin da za a ce, abin bai yi wa kowa daɗi ba.

Ku je tare wurin Fadan cocinku ya haɗa ku da Fadan da ke kula da masu neman shiga seminari, ki yi masa waɗannan tambayoyin a gaban yaron.